Farin Gwado a Kan Soro

"Auta! Fito ka taɓa mini wanga gwado!"

Lukmanu ya ajiye alƙalami a bakin tawada, ya fito daga zaure zuwa tsakar gida. Hantsi ya ɗaga. Mahaifiyarsa, Inna Safiyyatu, tana tsaye a gindin tsanin da ake hawa soro da shi, ta riƙe gefe ɗaya na wani farin gwado. Matarsa Marka ta riƙe ɗaya gefen, kanta a sunkuye.

"Taɓa mana! Jiƙe yake ko bushe?"

Ya taɓa. "A bushe yake, Inna."

"To haka yake tun kafin ta hau da shi, don sai da nit taɓa shi tana alwala. Kai da kay yi karatu, gaya mini, mi ake shanyawa ga busasshen gwado? Wata bakwai, kullum ta Allah! Ko ranar da anka yi ruwa da ƙanƙara sai da tah hau!"

"Iska nake ba shi, Inna," in ji Marka a hankali.

"Iska! Jariri na, da za a ba shi iska?"

Lukmanu ya yi dariya don ya kashe maganar, amma babu wadda ta taya shi.

A wancan zamani Illela ƙaramin gari ne na bakin iyaka. Sarkin Musulmi yana turo malamai su zauna a irin waɗannan garuruwa, mahara kuma ba su daina leƙowa daga arewa ba. Garin iyaka yana koya wa mutanensa ciniki, yana kuma koya musu zargi, kuma sun fi riƙe na biyun. Arewa da garin akwai wani babban tafki wanda in damina ta yi albarka ba a hango ɗaya gaɓar, har mutane ke kiransa teku. A can tsakiyarsa akwai ɗan tsibiri, ana ce masa Maraya. Gidajensa ba su kai arba'in ba, duk masunta ne, ranar kasuwa kaɗai suke kawo kifi gaɓa, su sayar, su juya ba tare da hira ba. Don haka mutanen Illela suka yi musu hirar da kansu. Wasu suka ce da 'yan ruwa suke mu'amala, wasu suka ce su ne idon mahara.

Can aka tura Lukmanu wata damina ya karantar da yara. Zazzaɓi ya kayar da shi, wani tsohon masunci mai suna Tunau ya ɗauke shi gidansa, 'yarsa Marka ta yi ta dama masa kunu har ya tashi. Ya dawo Illela da lafiyarsa, amma zuciyarsa ta zauna a Maraya. Ya ce shi Marka zai aura. Inna Safiyyatu ta yi kuka, ta yi fushi, ta tuna masa cewa shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya shida. Da ta ga ba zai sake ba, ta yarda da baki.

Zuciyarta kuwa ba ta yarda ba. Ta ware wa amarya ƙwaryar shan ruwanta daban, wai ƙarnin kifi. Ta kifar da miyar da Marka ta yi a gaban baƙi. Ta sa ta dakan gero ranar da jikinta ke rawa da masassara. In ta so kiranta, sai ta ce, "Ke ɗiyar 'yan ruwa!" Lukmanu yana ganin wannan duka, amma ya gaya wa kansa cewa sha'anin mata ne, zai wuce. Malami ne na gaske a kan littafi. A cikin gidansa kuwa ya fi son abin da ba zai tashe shi daga buzu ba.

Ana cikin maganar gwadon nan sai ga Hajjo mai nono ta yi sallama, ta sauke ƙwaryarta. Rugarsu tana bakin tafki, kullum ta nan take biyowa.

"Uwar malam, yau ma shari'ar gwado ake? Ni dai nono nake saidawa, ba gulma ba."

"To zuba irin na jiya, ki faɗi ta yau."

Hajjo ta saci kallon Marka, wadda ta riga ta nufi ɗaki, sannan ta rage murya, irin ragewar da ake so kowa ya ji.

"Akwai wani jirgi. Kullum da hudowar rana yakan fito daga wajen Maraya, mutum ɗaya a ciki, ya rufe fuska da malafa. Ba ya jefa taru, ba ya duba ƙugiya. Yana isowa tsakiyar ruwa sai shi miƙe tsaye, shi dubi gari, shi ɗaga gwangwalar tuƙi sama, shi juya. Na ce wa maigidana, wanga mutum ko mahaukaci na, ko kuwa yana da wadda yake gaidawa."

Inna Safiyyatu ta juyo ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa.

Washegari da aka idar da sallar asuba, Lukmanu bai koma gida ba. Ya gangara bakin tafki ya tsuguna cikin ciyawa, yana jin kunyar kansa, yana kuma roƙon Allah ya sa Hajjo ƙarya ta yi. Rana ta soma hudowa. Sai ga jirgin, ɗan baƙin ɗigo a kan ruwa. Ya matso, ya tsaya. Mutumin ya miƙe. Lukmanu ya waiwaya wajen gari, sai ya hango soron gidansu, wanda ya fi kowane tsawo a gefen arewa, da farin gwado yana kaɗawa a kansa. Mutumin ya ɗaga gwangwala sama sau ɗaya, ya juya jirginsa.

Lukmanu bai iya karantar da kowa a ranar ba. Da la'asar ya shiga ɗakin Marka, ya same ta tana gyaran auduga.

"Wa ke cikin jirgin nan?"

Hannunta ya tsaya. "Malam, ka gani ke nan."

"Na gani da idona! Wane ne?"

"Ba ni iya faɗi. Na rantse da Alƙur'ani tun kafin a kawo ni gidanga."

"Rantsuwa tana da kaffara. Zan ciyar da miskinai goma gobe-goben nan, ki warware ta."

"Ba irin wadda ake fansa da tuwo ba ta, Malam." Hawaye suka cika mata ido. "Amma in kana so, kawo Alƙur'anin in dafa maka wata: babu haram cikin abin da nake yi, babu cin amanarka, babu cin amanar garinga."

"To mi zai hana ki faɗi abin da ba haram ba?"

"Don ranar da nif faɗa, ya tashi daga aiki."

Wannan amsa ta fi shiru muni a kunnensa. Ya tuna akwai samari a Maraya da suka so ta kafin shi. Ya tuna maganar mahara. Ya dubi fuskar da ta yi jinyarsa, ya kasa samun ƙarya a cikinta, amma ya kasa yarda cewa rashin samun nan hujja ce.

Inna Safiyyatu ba ta tsaya dogon tunani irin nasa ba. Kafin magariba ta shiga ɗakin ta ɗauke gwadon, ta cusa shi a adudunta, ta sa maƙwabta suka fitar da tsanin daga gidan. Marka ta zube a gabanta.

"Inna, don Allah! Ki doke ni, ki hana ni abinci, amma ki ba ni gwadon!"

"Kun ji ko? Gero nis sa ta daka tana masassara, ba ta yi kuka ba. Yau an taɓa mayafin kwarto, ga hawaye kamar marka! Auta, ka sawwaƙe mata kafin Juma'a, ko kuwa ka nemi wata uwar!"

"Inna, ki yi mini haƙuri. Ba a saki a kan zato."

"A kan mi ake yi? Sai ka gan shi cikin ɗakinka?"

Lukmanu ya zaɓi hanyar tsakiya, wadda ya ɗauka adalci ce. Ba zai yi saki ba, ba zai kuma mayar da tsani ba. In babu komai a ciki, me 'yan kwanaki za su ɓata? Marka ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, in kana son aurenga, ka mai da tsani kafin kwana uku."

"Barazana kike yi mini?"

"Roƙonka nake yi."

Ya zare rigarsa ya fita.

Rana ta farko Hajjo ta kawo labari cewa jirgin ya zo, ya daɗe tsaye, bai ɗaga gwangwala ba. Rana ta biyu ta ce ya matso kusa da gaɓa fiye da kullum, har hantsi bai tafi ba. Inna Safiyyatu ta tafa hannu. "Ya ji jiki! Bari shi bushe a can!" Marka ta daina roƙo. Ta share gida, ta yi daka, ta kai wa Inna ruwan alwala kamar kullum. A rana ta uku Lukmanu ya leƙa ɗakinta ya ga ta ɗaure kayanta a ƙunshi ɗaya. Girman kai ya hana shi tambayarta, ya juya.

Da safiyar rana ta huɗu aka ji ihu daga bakin tafki.

"Jirage! Jirage! Mahara ta ruwa!"

Maza suka fito da baka da kibau, mata suka kwashe yara. Jirage sun fi talatin, a jere, suna tahowa ba gaggawa. Da suka iso gaɓa aka ga ba mashi ko ɗaya a cikinsu, sai gwangwala da filafilan tuƙi. Mutanen Maraya ne, kusan duk wani namijin da ke tsibirin. Suka tsaya a bakin ruwa. Mutum ɗaya ya rabu da su, ya ratsa tsakiyar masu baka bai dubi kowa ba, ya nufi gidan malam.

Lukmanu yana tsaye a ƙofar zaure. Tun daga nesa ya gane malafar. Da mutumin ya cire ta, Lukmanu ya durƙusa.

"Baba... kai na cikin jirgin?"

Tsoho Tunau bai amsa gaisuwa ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Aka kawo ruwa, bai sha ba.

"Mun zo ɗaukar ɗiyarmu," in ji shi. "Kira uwarka ta tsaya bayan ƙofa, don ta ji."

Inna Safiyyatu ta riga ta iso bayan asabari.

"Mu mutanen Maraya ba mu da sarki mai dawaki," in ji tsohon. "Ba mu da dangi ga tudu da za su leƙa mana ɗiya. In munka aurar da ita ƙetaren ruwa, kamar mun jefa dutse cikin rijiya na. Shi ya sa kakanninmu sunka aje mana dabara. Kowace ɗiya da alamarta, tsakaninta da ubanta. In ta nuna ta da safe, ta ce, 'Baba, lafiya nake, mutanen kirki na.' In kwana uku sunka wuce ba a gani ba, mu zo mu ɗauke ta, ba tambaya, ba shari'a. Kuma ana rantsar da ita kada ta faɗa wa dangin miji. Ka san dalili, Malam?"

Lukmanu ya gane dalilin kafin a faɗa.

"Don in sun sani, sai su zalunce ta da dare, su shanya gwadon da hannunsu da safe. Sai ranar ɗauka muke faɗi, don daga ranar ba ta komawa."

Ya juya malafar a hannunsa.

"Wata bakwai ban fashi safiya ɗaya ba. Ita ma ba ta fasa ba. Ranar ƙanƙara na ce yau kam ba ta fitowa, sai ga fari a kan soro. In na koma uwarta tana jirana bakin ruwa, in ce mata, 'Kwantar da hankalinki, ɗiyarki ta faɗa gidan mutunci. Uwar mijinta uwa ta.' Kullum haka nake ce mata."

Lukmanu ya san abin da mahaifiyarsa take ƙirgawa, don shi ma shi yake ƙirgawa: washegarin miyar da aka kifar, gwado ya hau soro. Ranar masassara da turmi, gwado ya hau soro. Duk safiyar da aka ce "ɗiyar 'yan ruwa", yarinyar nan tana da hanyar fita a hannunta. Abin da kawai za ta yi shi ne ta ƙi hawa tsani kwana uku. Amma ta hau, ta shaida wa iyayenta alherin da ba a yi mata ba.

Marka ta fito da ƙunshinta a ka, idanunta sun kumbura.

"Baba, ba ni nis sauke shi ba..."

"Ba a tambaya, ɗiyata. Wuce."

Ta durƙusa a gaban asabari. "Inna, ki yafe mini abin da niy yi miki." Ta dubi Lukmanu sau ɗaya, ta bi bayan ubanta. Ya bi su har bakin ruwa yana roƙo. Jiragen suka juya a jere kamar yadda suka zo.

Kwana shida gidan ya yi kamar an yi mutuwa. Inna Safiyyatu ta fito da gwadon, ta sa aka dawo da tsani, ta ce ita za ta hau ta shanya.

"Ba shi da amfani, Inna," in ji Lukmanu. "Gwadon da hannunmu yas shanya, shi na ƙaryar da suke gudu."

Ta zauna a kan turmi ta daɗe. Sannan ta ce, "Yaushe ta kasuwa?"

"Gobe."

"To gobe ka raka ni biko."

"Biko? Inna, ke da ko rafi ba ki ƙetarawa sai an riƙe ki?"

"Na tambaye ka?"

Washegari mutanen kasuwar Illela suka ga abin da suka daɗe suna ba da labari. Uwar malam, wadda ba ta yarda kifi ya kwana a gidanta, ta tsaya gaban masuntan Maraya tana roƙon su ba ta wuri a jirgi. Suka yi ta duban juna. Daga ƙarshe wani ya matsar da kwandunan kifi, ta zauna a tsakaninsu, gwado a ƙirji, ido a rufe. Hajjo ta ɗaga murya daga gaɓa, "Uwar malam, in 'yan ruwa sunka tambaye ki, ki ce ke surukarsu ta!" Inna ba ta buɗe ido ba. Duk lokacin da jirgin ya karkata sai ta ƙwala salati ta damƙe ƙafar Lukmanu, har suka isa.

A Maraya ba ta tsaya an yi mata iso ba. Ta tambayi gidan Tunau, ta zube a gaban matarsa, ta faɗi komai da bakinta: ƙwarya, miya, turmi, sunan banza, har kalmar da ta jefa a kan gwadon. Ba ta rage ko ɗaya ba. Uwar Marka tana ji tana kuka, don yau ta fara sanin abin da farin kan soro ya ɓoye mata. Lukmanu ma ya durƙusa.

"Baba, laifina ya fi na Inna. Ita ba ta san ku ba. Ni na ci tuwonku, na sha jinyarku, sannan nit tsuguna cikin ciyawa ina leƙen surukina."

Dattawan tsibirin suka taru a gindin giginya. Wani ya ce ɗiyar da jirage suka ɗauko ba a taɓa mayar da ita ba. Tunau ya ce gaskiya ne, amma kuma ba a taɓa ganin uwar miji ta ƙetaro ruwa cikin kwandon kifi ba, don haka kakanni ba su bar hukunci a kai ba. Aka yi ta ja har azahar. A ƙarshe suka yi abin da al'adarsu ba ta saba ba: suka kira yarinyar suka tambaye ta.

Marka ta rufe fuska da mayafi. "Baba, duk safiyar da nish shanya gwado, ba ƙarya nake nufi ba. Fata nake yi. To ga shi ya zo da ƙafarsa."

Bayan kwana biyu aka mayar da ita Illela. Kafin su shiga jirgi, Tunau ya ja ta gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta dafa Alƙur'ani. Gwado ya riga ya tashi daga aiki. An ba ta sabuwar alama.

Lukmanu bai taɓa sanin mece ce ba. Marka takan yi abubuwa da yawa da safe: ta hura wuta, ta hau soro da barkono, ta saki tattabaru, ta kai ƙwarya bakin katanga. Ko wanne ne a ciki, Allah masani. Jirgin dai ya ci gaba da zuwa da hudowar rana, ana ɗaga gwangwala, ana juyawa. Wata safiya Inna Safiyyatu ta ga ɗanta yana bin matarsa da ido, sai ta zungure shi da mazari.

"Kau da kai, Auta! Ba namu ba na sanin mi take nunawa. Namu shi na mu sa ta zama gaskiya."

Ta miƙa wa Marka ƙwaryar da ita kanta take sha da ita. Gwadon kuwa, da shi aka goyi ɗansu na fari.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in ya faɗa kan wanda ke rufa maka asiri. Marka ta yi haƙuri alhali ƙofar fita tana hannunta, shi ya sa haƙurinta ya iya ɗaga tsohuwa daga kan turmi ya ƙetarar da ita ruwa. Wanda aka ba amanar 'yar mutane, ya riƙe ta kamar iyayenta suna hango shi kowace safiya, domin ko su ba su hango ba, akwai Wanda ba Ya fashin gani.